Kujera Ɗaya a Minneapolis

Litinin, 1 ga Disamba, da safe

A sanar da jama'a, a shigar a kundin tarihi, a kaɗa ƙararrawar coci in da hali: yau ni Alden Rustad na aske gemuna. Shekara ashirin da uku muna tare. Ya raka ni aji ina koyar da tarihi ga yaran da tarihi bai dame su ba, ya raka ni jana'izar mahaifiyata, yau ya bi magudanar ruwa ko jawabin bankwana ba a yi masa ba. Kamfanonin jirgi ba sa ɗaukar mai gemu, wai abin shaƙar iska ba ya kama fuska. Na duba madubi na ga wani mutum mai haɓa biyu yana kallona kamar na taka masa ƙafa.

Corinne ta leƙo banɗaki ta ce, "Bawan Allah, in mijina kake nema, ya fita."

Rabon da in ji dariyarta tun watan Oktoba. Ko don wannan, gemun bai tafi a banza ba.

Ga dalilin wannan kisan gilla. Makon jiya awoyina a sama suka cika dubu ɗaya da ɗari biyar, adadin da doka ta ce sai mutum ya kai kafin a ba shi amanar fasinja. Shekara biyar ke nan da na ajiye alli na koyi tuƙi, na koma koya wa wasu a ɗan jirgi mai kujera biyu, kullum ɗalibi yana ƙoƙarin kashe ni ina ce masa ya yi ƙoƙari. Yanzu kamfanoni biyu sun ce in zo, irin ƙananan nan masu kwaso mutanen ƙananan garuruwa su kai wa manya.

Na farko ina kiransu Masu Agwagwa, don agwagwar tafki ce a wutsiyar jiragensu. Tasharsu, wato garin da matuƙi yake fara aiki ya dawo, ɗaya ce tak, Minneapolis, ƙasa da awa guda a mota daga ƙofar gidanmu a nan Stillwater. Jiragensu sun kusa zama sa'annina. Wanda ya shiga wurinsu a nan yake tsufa, kuma sai Afrilu za su buɗe aji. Na biyu Masu Kibiya: sababbin jirage, tasha biyar, aji ranar biyar ga Janairu a Tulsa, kuma in ka yi musu shekara biyar ko shida su miƙa ka ga babban kamfani, masu tsallake teku.

Shekarata hamsin da biyu. A sittin da biyar doka take sauke mutum daga kujera. Ba sai na ɗauko alli ba.

Alhamis, 4 ga Disamba, da yamma

Asibiti, hawa na huɗu. Mun je, mun dawo. Corinne ta yi barci a mota. Ba abin rubutawa.

Lahadi, 7 ga Disamba, bayan abincin rana

Dwight ya zo. Dwight Pelkey, yayan Corinne, kyaftin a babban kamfani tun ina da gashi a tsakiyar kai. Mutum ne da in ya nemi a miƙo masa gishiri sai ka ji kamar sanarwa yake yi wa fasinjoji.

Ya cinye rabin tiren dankali da naman da matan coci suka kawo, sannan ya goge baki ya ce, "Farfesa, bari in ba ka karatu kyauta. Kamfanin da ya fi kowanne shi ne wanda kake zuwa aikinsa a motarka. Ka je wurin Masu Agwagwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Kyaftin. Kai da ka tsallake teku sau dubu kake ce min in ƙare rayuwata tsakanin Fargo da Duluth?"

"Ni na fara ina da ashirin da huɗu. Kai ka fara kana da ciwon gwiwa."

"Gwiwa ba ta tuƙa jirgi."

"Saurara. Masu Kibiya in suka jefa ka Newark, gado mai hawa biyu za ka kwana, ɗaki ɗaya da yara shida masu warin safa, kana zaman jiran kira. Ranar hutunka kuma ka tsaya a ƙofar jirgi da hula a hannu kana roƙon a rage maka hanya zuwa gida. In jirgi ya cika ka kwana a benci. Sabon shiga ba ya zaɓen ranar hutu. Ba ya cewa a bar min Alhamis."

Corinne ta tashi ta shiga kicin, wai za ta ɗora ruwan zafi. Ba wanda ya ce yana son ruwan zafi.

Sai na fito masa da makamina. A wannan sana'a komai lamba ce. Ranar da ka shiga aji ake ba ka lambar daɗewa, ita ke yanke inda za ka zauna, ranar da za ka huta, da ko za ka ga bishiyar Kirsimeti a gidanka ko a otal. Amma mutanen da suka shiga aji rana ɗaya fa, wa ke gaban wa? A wurin Masu Kibiya da shekarun haihuwa ake jerawa. Wanda ya fi tsufa shi ke fara zaɓen tasha. Kuma kusan kowane aji ana sakin kujera a Minneapolis.

"Ka gane?" na ce. "Ajin yara ne 'yan ashirin da uku. Ni ne kakansu. Karo na farko a rayuwata tsufa zai yi min rana."

Dwight ya kalle ni. Ya ce, "Kusan kowane aji. Ka ji abin da ka faɗa da bakinka?"

Na ji. Na ƙara masa kofi.

Talata, 9 ga Disamba, wajen sha ɗaya

Na kira matar da ke ɗaukar ma'aikata a wurin Masu Kibiya. Ta ce ajin Nuwamba ya samu kujera biyu a Minneapolis, na Disamba ɗaya. Ta ce, "Ba alkawari nake maka ba, Mista Rustad."

Na ce ban nemi alkawari ba, tarihi na nema, kuma tarihi sana'ata ce. Na tambaye ta wanda ya fi tsufa a ajin da ya wuce. Ta ce shekararsa arba'in da ɗaya.

Arba'in da ɗaya! Ina da takalmin ƙanƙara da ya kusa haka.

Alhamis, 11 ga Disamba, da yamma

Hawa na huɗu. An sa ranar da za a yi mata babban aikin cikin watan Maris. Bayansa kuma a ci gaba da Alhamis har bazara.

Horon Tulsa yana ƙarewa ƙarshen Fabrairu. Ko makaho ya ga yadda abin ya zauna daidai. In tafi yanzu da abin yake da sauƙi, in dawo gida da lamba a hannu kafin ya yi wuya. Da zan jira Masu Agwagwa, ina cikin jarrabawa ne daidai lokacin da take kwance. Wannan hujja ce mai kyau. Na maimaita ta a raina tun daga asibiti har gida, kowane karo tana ƙara kyau.

Abin da ban maimaita ba shi ne ajin Masu Agwagwa a Minneapolis ake yinsa, a gida zan riƙa kwana.

Juma'a, 12 ga Disamba, da safe

Ba ta iya jure warin kofi yanzu, don haka a gareji nake shan nawa, a tsaye, kusa da injin kwashe ƙanƙara. Ta same ni a can sanye da rigar sanyina da hular ulu.

"Ka amsa musu?"

"Ina tunani."

"Alden, shekara ashirin da shida nake kallon tunaninka. Ka gama shi tun ranar da ka ga hoton jirgin."

Na ce in tana so in zauna, kalma ɗaya ta isa.

Ta ce, "A'a, tsoho, ba za ka rataya min wannan ba. Ba zan zama dalilin da za ka riƙa huci a kan baranda kana da shekara saba'in kana kallon jirage suna wucewa ba. Ka je inda kake so. Ƙawata Bev ta ce za ta riƙa kai ni asibiti har ka dawo."

"Bev tana tuƙi kamar tana ɗauke da miya a cinya."

"Gara ita. Kai kana tuƙi kamar kana ba hanya darasi."

Na aika wa Masu Kibiya na amsa. Na aika wa Masu Agwagwa godiya mai ladabi, sakin layi uku, har da addu'ar fatan alheri. Sun amsa da layi ɗaya.

Asabar, 13 ga Disamba, da rana

Dwight ya kira. Ban ɗauka ba. Ya bar saƙo: "Farfesa, Allah Ya sa ka fi ni gaskiya." Amin, Kyaftin. Zai sa.

Alhamis, 18 ga Disamba

Mun je, mun dawo.

Laraba, 24 ga Disamba, da yamma

Ba mu je coci ba, an ce ta guji taro. Fasto ya aiko da romon shinkafar tafki da kati mai sa hannun mutum arba'in. Na ɓoye katin a aljihun tebur. Ban ce kowa ya tausaya mana ba. Tun Oktoba mutanen garin nan suke karkata kai gefe in za su gaishe ni, kamar kaji suna kallon shaho, suna tambaya ƙasa-ƙasa, "Ya mai jiki?" Ina amsawa, "Lafiya lau, ya naku jikin?"

Abu ɗaya da nake ɗoki a Tulsa shi ne ba wanda ya sani. Zan zama tsohon nan mai surutu kawai. Ba wanda zai karkata min kai.

Na karanta tsarin man jirgi har na iya zana shi ido rufe. Janar-janar nawa na koyar da labarinsu a aji waɗanda suka shiga Rasha da sanyi ba su lissafa abincin dawakai ba? Ni na lissafa.

Lahadi, 4 ga Janairu, a filin jirgi

Ba ta rako ni ciki ba. Ta gyara min kwalar riga a mota ta ce, "Ka yi wasa da yara lafiya, kada ka gyara wa malami magana."

Na yi tafiya har ƙofar gilashi ban waiwaya ba. Sanyi ne ya sa idona ruwa, kowa ya san iskar wajen nan.

Litinin, 5 ga Janairu, bayan tashi daga aji

Mu ashirin da takwas ne. Na duba ɗakin na ga kamar an dawo da ni makarantar da na gudo daga cikinta: kunnuwa ja, wuyan riga ya yi musu yawa, kowa da ƙaton agogo. Malamin ya rubuta kujerun tasha a allo. Newark goma sha biyar. Sauran a Norfolk da wasu wurare biyu. Minneapolis, ɗaya. Za a yi zaɓe ranar Juma'a da safe.

Ɗaya ta ishe ni. Gindi ɗaya gare ni.

Sai malamin ya ce mu tashi mu jeru jikin bango bisa ranar haihuwa. Na gyara wando, na taka a hankali zuwa gaba, ina gaida yara da kai kamar sabon gwamna. Na isa na tarar da mutum a tsaye a wurina.

Dogo ne, gashi fari fat, fuska ta sha rana. Ashe a bayan ginshiƙi ya zauna tun safe.

"Wace shekara?" na ce.

Ya faɗa. Ya ba ni shekara bakwai cur.

"Lyle Vandermolen," ya ce, ya kama hannuna da hannu biyu. "Likitan haƙori ne ni a Tucson, na gaji da leƙa bakin mutane. Kai, na ji daɗin ganinka, ɗan'uwa! Na ɗauka ni kaɗai ne zan riƙa tashi fitsari tsakiyar darasi."

Likitan haƙori. Shekara shida suka rage masa a sana'ar gaba ɗaya. Yana da jirginsa na kansa. Ya shigo aikin nan kamar yadda wasu ke shiga koyon girki.

Lambata ta biyu. Ba komai. Mutumin hamada ne, me zai yi da Minneapolis?

Talata, 6 ga Janairu, da yamma

Mun ci gasasshen haƙarƙari tare, ni da Lyle. Mutum ne mai daɗin zama, wannan shi ne abin haushin. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'ya sun watse, ya ce duk inda aka kai shi sabon wuri ne, har yanzu bai yanke ba. Ya ce, "Kai ɗan Minnesota ne, ko? Ba ni labari."

Nan na ga ƙofa. Ba sai na roƙi kowa ba. Tsoratar da shi zan yi.

Na ba shi Janairu irin namu. Na ce masa gashin hanci yana daskarewa kafin ka kai mota. Na ce in ka watsa tafasasshen ruwa sama ba ya dawowa ƙasa. Na ba shi labarin yadda tafki ke daskarewa har manyan motoci su hau, mutane su ja 'yan bukkoki zuwa tsakiya, su huda rami, su zauna a kan bokiti daga asuba suna kallon baƙin ruwa ba mai ce wa kowa uffan. Na ce da rana tana faɗuwa ƙanƙarar takan yi wani nishi daga ƙasa, ka ji shi a tafin ƙafarka, kamar ƙatuwar dabba tana juyi cikin barci. Na ce kakana ya taɓa jawo kifi mai tsawon hannu, kafin ya cire ƙugiya ya sandare kamar itace.

Shekara ashirin ban taɓa samun ɗalibin da ya saurare ni haka ba. Ko naman bai ƙarasa ba.

Ya ce, "Kai! Mutane suna rayuwa a haka?"

Na ce, "Da ƙyar."

An gama da wannan.

Laraba, 7 ga Janairu, lokacin hutun rana

Lyle ya same ni a wajen injin kofi.

"Alden, tambaya ɗaya. Kujerar nan ta Minneapolis. In kana buƙatarta ka faɗa, ni ba ruwana, in ɗauki Norfolk, an ce akwai teku. Akwai wani abu a gida?"

Kansa ya ɗan karkata gefe. Kaɗan dai. Amma na gani.

Na ce, "Ni? Haba, Likita. Matata ta gaji da ganina, ita ta haɗa min kaya. Ka zaɓi abin da ranka ke so. Ni duk inda aka ajiye ni daidai ne."

"Ka tabbata?"

"Ka ga na yi kama da mai neman alfarma?"

Ya yi dariya ya buga min kafaɗa.

Laraba, da yamma

Na kira gida. Kuskurena da na ba ta labarin a matsayin abin dariya.

Corinne ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ya tambaye ka da bakinsa?"

"Tambayar ladabi ce."

"Kuma ka ce masa me?"

"Na ce ya zaɓi abin da yake so. Corinne, mutumin ko rigar sanyi ba shi da ita. Na riga na gama da shi jiya."

"Ka je ka buga masa ƙofa ka gaya masa."

"Ba zan yi bara da jikinki ba."

"Jikina ne. Na ba ka izini."

"Ba haka ake yi a sana'ar nan ba. Lamba lamba ce. Ba a zuwa rana ta uku a fara kuka a kafaɗar mutum."

"Wa ya ce ka yi kuka? Magana za ka yi. Bakinka bai taɓa rufuwa ba tun da na san ka, sai a kan wannan kaɗai. Ko sunan abin ba ka taɓa faɗa ba, Alden. Ko a gabana. Hawa na huɗu, hawa na huɗu, kamar wani kanti muke zuwa."

Na ce gobe akwai jarrabawar kashe gobara, sai na yi bita.

Ta ce, "To, Farfesa." Ba ta taɓa kirana da sunan da Dwight ke kirana ba.

Ba zan buga ƙofar kowa ba. Na shigo nan da awoyina, ba da takardar likita ba.

Alhamis, 8 ga Janairu, da rana

Bev ta aiko saƙo sun isa lafiya. Na ci jarrabawar gobara, ban faɗi ko ɗaya ba.

Alhamis, da yamma

A motar komawa otal Lyle ya miƙo min wayarsa. Hoton wata jar bukka ce a kan ƙanƙara, da murhu a ciki. Ya ce, "Irin wannan kake nufi?"

Na ce irinta ce, mutane kan mutu a ciki in murhu ya yi hayaƙi.

Ya ce, "Allah Sarki," yana ƙara girman hoton da yatsa.

Ɗakinsa yana kallon nawa. Na fito neman ƙanƙarar sha na tsaya a ƙofarsa, ina jin talabijin. Na ɗaga hannu. Sai na tuna ban ɗauko bokitin ba, na koma.

Mutum ba ya barin Tucson ya koma cikin firji saboda hoto.

Juma'a, 9 ga Janairu, da hantsi

Newark.

Juma'a, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda tarihi sana'ata ce.

Malamin ya tsaya gaban allo ya ce, "Lamba ɗaya, Vandermolen." Lyle ya miƙe, ya juyo yana min murmushi har kunne. Ya ce, "Minneapolis. Laifin wannan mutumin ne. Kwana uku ban yi barci ba ina jin nishin tafkin nan." Aji ya yi dariya, aka tafa. Malamin ya goge ɗayan, ya rubuta sifiri, ya shigar a kwamfuta.

"Lamba biyu, Rustad."

Duk ƙasar nan a buɗe take gare ni, ban da gida. Na ce Newark, don ta fi yawan jirage zuwa Minneapolis. Muryata ta fito daidai. Ina alfahari da wannan.

Da aka tashi ban fita ba. Lyle ya dawo ɗaukar jakarsa ya same ni zaune ni kaɗai. Ya ce, "Ɗan'uwa, fuskarka ta yi kama da ta wanda zan cire wa haƙori. Lafiya?"

Ban san abin da ya buɗe bakina ba. Na gaya masa. Maris, Alhamis, Bev, duka.

Bai karkata kai ba. Jajawur ya yi. Ya ce, "Kai wane irin jaki ne? Na tambaye ka! Da bakina na tambaye ka! Shekara biyu na yi ina kai tawa matar asibiti, ka ɗauka ban san yanayin fuskar ba? Na gani, na tambaya, ka ce min ta haɗa maka kaya!"

Ya ja ni da hannun riga har ofishin tsara aiki. Matar ta saurare mu da kyau, ta ma ajiye abincinta. Ta ce ba a musayar tasha tsakanin mutum biyu. In Lyle ya saki kujerar ba hannuna za ta faɗo ba, komawa za ta yi a sake tallata ta ga kamfani gaba ɗaya, duk wanda ya riga ni shiga yana gabana. Ta ce in sa sunana a neman canji, wataƙila da kaka. Ta ce akwai hutun jinyar iyali, amma sai wanda ya shekara. Ta ce za ta yi magana da babban matuƙi ko a ba ni hutun ranar da za a yi wa Corinne aiki, amma kada in dogara.

Lyle ya ce, "Da ya faɗa shekaranjiya fa?"

Ta ce, "Da ka ce Norfolk, ya ce Minneapolis, ba ruwan kowa."

Na kira Masu Agwagwa daga wajen ajiye motoci. Ajin Afrilu ya cika. Sun ce in sake nema, amma wanda ya bar horo a tsakiya sai an zauna a kansa. Mai maganar tana da ladabi ƙwarai.

Lyle ya ƙi cin abinci da ni. Yana da gaskiyar fushinsa. Na sa shi ya ƙwace abin da bai taɓa nema ba.

Asabar, 10 ga Janairu, da safe

Na kira ta. Na shirya jawabi: Newark ba nisa, awa uku ce, jirage da yawa, kaka kamar gobe ce.

Ta bar ni na kai ƙarshe. Ta ce, "Ka gama?"

"Na gama."

"Na yi magana da Dwight. Ya ce zai ɗauki Maris gaba ɗaya, da duk Alhamis ɗin da ke bayansa. Lambarsa ta kai ya zaɓi ranar da ya ga dama."

"Me ya ce a kaina?"

"Bai ce komai ba. Ya tambaya ko kana da katifa mai kyau ta kaiwa Newark, wai tasu ba ta kwantuwa."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ce zan zo duk ranar da na samu kujera, ko a bayan kyaftin ne, ko a tsaye.

Ta ce, "Na sani, tsoho. Za ka zo in jirgi bai cika ba." Ta yi tari, ta sha ruwa, ina jin kofin ya taɓa tebur. "Ni dai kai na so in gani in na farka. Dwight zai tsaya min a ka yana sanar da ni yanayin sama."

Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

Asabar, da rana

Corinne tana da ciwon daji.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Abin da zan faɗa ke nan ranar Laraba a wajen injin kofi. Ita ce da gaskiya. Na yi kuskure.